Samfur a Hannu: Al'adar Gyaran Manyan Motoci a Gamboru

A Gamboru ta Maiduguri ba a zuwa neman kayan gyaran babbar mota da takarda. Abin da ya lalace ɗin ake kwancewa, a goge shi da tsumma, a naɗe a buhu, a ɗora wa yaro. Shi ne samfur. Mai shago zai karɓa ya juya shi, ya ƙirga haƙoransa idan na giya ne, ya zura yatsa ya ji faɗin raminsa, kafin ya ce akwai ko babu. Lambar da kamfani ya buga a jiki ba ta cika yin amfani ba, domin motar da ta shekara 30 tana zirga-zirga tsakanin Borno da Chadi da wuya a ce injin da ta fito da shi daga masana'anta ne har yanzu a cikinta. Kai na wata mota ne, giya ta wata, bodi kuwa kafinta ne ya haɗa shi. Samfur kaɗai ke faɗin abin da ke ciki.

Mazaunin unguwar ne ya haifar da wannan sana'a. Gamboru tana ɓangaren garin da ke fuskantar iyaka, ga kasuwarta, ga Kasuwar Shanu inda tireloli ke lodin dabbobi zuwa Kudu, ga Kwastam, ga hanyar da ta miƙe ta tashar Muna ta bi Mafa da Dikwa har ɗaya Gamborun, wato ta Ngala, tafiyar kimanin kilomita 140. Daga can sai a haye gada zuwa Fotokol ta Kamaru, sai Kusuri, sai Njamena. Tsohuwar hanyar alhazai ce. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, maniyyata daga Kano da Sakkwato da Zinder ta nan suke bi zuwa Fort Lamy, kamar yadda ake kiran Njamena a lokacin, su wuce Abeche da El Fasher har gaɓar Bahar Maliya, da fari a ƙafa da jakuna, daga baya a bayan manyan motoci, da tabarmi da tukwane da buhun gero. Saboda haka mota mai ɗauke da gida ba baƙon abu ba ne ga mutanen Yerwa, wato Maiduguri. Da Turawa 'yan yawon buɗe ido suka riƙa ratso Sahara a shekarun 1970 da 1980, ta Tamanrasset da Agadas da Kano, cikin tsofaffin Bedford na soja da Unimog da suka mayar ɗakunan kwana, kanikawan da ke duba motocin shanu da na gyaɗa su ne suka duba nasu.

Hanyar ita ke koya wa bakanike darasinsa. Daga Dikwa zuwa Ngala ƙasar firgi ce, baƙin laka mai riƙe taya da damina, mai tsagewa da rani. Laka tana cin kuloci, ramuka suna karya sifirin, ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana tafasa lagireto. Duk wanda ya daɗe a gareji, idan ka faɗa masa wata, zai faɗa maka irin gyaran da zai fi shigowa.

Sarauniyar wannan hanya tun da daɗewa ita ce Marsandi mai gajeren hanci, wadda kowa ya sani da 911. A 1959 Jamus ta fara ƙera wannan samfuri, kuma tun daga 1980 masana'antar ANAMMCO ta Inugu ta riƙa haɗa manyan motocin Marsandi a cikin gida, a zamanin da Steyr ke Bauci, Fiat ke Kano, Leyland ke Badun. Injinta mai silinda shida ba ya neman komai sai gas da baƙin mai da iska, babu kwamfuta a ko'ina, sufana da guduma sun ishe shi. DAF da MAN na hannu sun biyo baya daga Turai, yanzu kuma Howo ta Sin ta cika titi. Matafiyin da ya gina gidansa a kan tsohuwar Marsandi ya shigo cikin dangi, don kusan duk abin da ya karye a ƙarƙashinta akwai irinsa a wata motar itace da ke kwance a bayan gareji.

Garejin manyan motoci fili ne, da bishiyar dogon yaro ko rumfar kwano, ƙasarsa ta yi baƙi ƙirin da shekarun mai. Ba mutum ɗaya ke aiki a cikinsa ba. Akwai mai inji, akwai mai giya, akwai mai famfon gas da nozul, wanda ya fi kowa tsabtar wurin aiki don ƙwayar yashi ɗaya tana iya ɓata masa yini. Akwai mai waya, mai walda, mai lagireto, mai faci. Kowa da iyakarsa, kuma abin kunya ne mutum ya tsoma hannu a aikin da ba nasa ba, ko ya karɓi motar da wani ya riga ya buɗe ba tare da ya ji ta bakinsa ba. Idan aka saɓa, shugabannin gareji ko na ƙungiyar kanikawa ta NATA su ke zama a kai kafin a yi maganar 'yan sanda. Maigidan gareji shi ke fara sauraron mota. Zai sa a tayar, ya tsaya shiru, ya dubi launin hayaƙi, wani lokaci ya dafa dogon ƙarfe a jikin inji ya kara ɗaya bakin a kunne. Hausa ce harshen aiki, amma gaisuwa tana iya zuwa da Barbarci, ciniki ya koma Larabcin Shuwa idan direban ɗan Chadi ne, kuɗin ma ya zo da sefa.

Neman kaya hawa-hawa ne, kuma a nan ne al'adar ta fi kauri. Ana farawa da gida: tarin ƙarafan da kowane maigida ke ajiyewa, wanda baƙo zai ɗauka bola ce, alhali mai shi ya san inda kowane noti yake. Idan babu, yaro ya ɗauki samfur ya shiga shaguna. Tun da aka hana babura a Maiduguri a 2011, a keke ko Keke Napep yake wannan zagaye. Mai shago kuma ba ya saurin cewa babu. “Zauna, ɗan maigida, ina zuwa,” zai ce, ya zaga wurin maƙwabcinsa ya karɓo, ya ɗora 'yar la'adarsa, su daidaita da yamma. Kasuwar gaba ɗaya kamar rumbu ɗaya take mai ƙofofi da yawa. An daɗe 'yan kabilar Ibo ne ƙashin bayan wannan ciniki, da jijiyoyinsu har Nnewi da Anaca, kuma yaran gari da yawa a shagunansu suka koyi sunayen kaya kafin su buɗe nasu.

Tambayar farko ita ce: sabo ko Beljiyam? Beljiyam shi ne wanda aka kwance daga motar da ta gama aiki a Turai, ko daga wace ƙasa ya fito, kuma bakanike na gaske ya fi yarda da shi a kan sabon da bai san asalinsa ba, don kwali mai kyau ba ya hana abu zama jabu. Sabon ma aji-aji ne, akwai orijina, akwai mai bi masa, akwai wanda mai shago da kansa zai rage murya ya ce, “Alhaji, wannan zai kai ka Kano, amma ban ce zai dawo da kai ba.” Kafin kaya ya bar shago ana ɗiga masa fenti ko a karce shi da wata alama da mai shagon kaɗai ya gane, saboda idan bai shiga ba a dawo da shi, kuma kada a musanya da wani matacce. Kayan wuta ne kawai ba a cika karɓa ba idan an riga an jona.

Idan garin ya gaza, sai a ɗaga waya. Ƙofar Ruwa a Kano ita ce zangon farko, kusan kilomita 600. Bayanta Panteka a Kaduna, sai Ladipo a Legas, inda kwantenonin Beljiyam ke sauka. A da, yaro ake sakawa a mota da samfur da kuɗi a ɗaure a ƙugu. Yanzu hoto ake turawa ta WhatsApp, an ɗora abin a kan tafin hannu ko kusa da ma'auni, a tura kuɗi ta banki, a ba direban motar haya saƙo ya sauke a tasha. Mutanen biyu wataƙila ba su taɓa ganin juna ba. Abin da ke riƙe da cinikin shi ne wane ya haɗa ni da kai, kuma wanda ya ci amanar saƙo sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa kowace tasha.

In kuwa ba a samu ko'ina ba, ko mai mota ba shi da ƙarfin jira, sai a ƙera. Gaskit ana yanka shi a kan bakin ƙarfen da zai zauna, ana bi da ƙaramar guduma har siffar ta fito. Ganyen sifirin na wata mota ana yanke shi, a gasa, a lanƙwasa. Lagireto a buɗe shi, a zure bututunsa ɗaya bayan ɗaya, a liƙe da dalma. Mai injin fiƙe ƙarfe ya fitar da bushi daga guntun tagulla. Mai waya ya warware naɗin dinamo ya sake sabo da hannu. Jinin maƙera ne ke gudana a nan, sai dai ƙira gado ce, kanikanci kuwa na duk wanda ya jure ne. Ba kowace dabara ce abar yabo ba. Sake tsaga zanen tayar da ta riga ta cinye, ko toshe birkin ƙafa ɗaya don a samu a ƙarasa, ko walda a sandar sitiyari, waɗannan ba gwaninta ba ce, caca ce da ran mutanen da ke zaune a kan kaya. Manyan kanikawa sun san haka, kuma wasunsu sukan ƙi, ko da direba zai tafi wurin wanda zai yarda.

Direban da motarsa ke kwance baƙon gareji ne. Tabarmarsa tana ƙarƙashin tirela, yaron motarsa yana dafa shayi a kan ɗan kurfoti, idan an kawo abincin rana kwano ɗaya ake sa wa hannu, idan an kira salla sahu ɗaya ake bi, da mai a goshi ko babu. Ba a fara maganar kuɗin aiki da gaggawa. Kuɗin kaya daban, a kan idon mai mota, kuɗin hannu kuma sai inji ya tashi. Tayar da injin da aka sauke aka mayar ƙaramin biki ne: maigida ya yi bisimilla, yara su ja baya, idan ya kama a bar shi yana ta ruri, kowa na leƙen inda zai zubar. Bayan an biya maigida, akwai na sabulu da ake miƙa wa yara. Baƙon da ya tsallake wannan ba za a ce masa komai ba, amma kada ya yi mamaki idan gobe ba a yi rububin ɗauko masa jak ba.

Su yaran uba ne ko kawu ke kawo su, da goro da 'yan kalmomi: ga shi nan, amana. Shekarar farko wanke noti ne a cikin gas, da aike, da koyon lambar sufana har yaro ya iya miƙa ta 17 ba tare da ya duba ba. Daga nan ya shiga ƙarƙashin mota, ya daɗe a can kafin a bar shi ya taɓa kan inji. Ba jarrabawa ake yi ba. Ranar da maigida ya tura shi shi kaɗai ya je ya taso da motar da ta mutu a hanya, ranar kowa ya gane ya isa. Yaye kuwa da walima ake yinsa da addu'a, wani maigidan ya haɗa wa yaronsa kayan aiki, ya kuma yafe masa biyu ko uku daga cikin direbobinsa don ya fara da su.

Shekarun rikici sun canza lissafi. Hanyar iyaka ta mutu, an kuma kai hari Gamborun Ngala a watan Mayun 2014, sai a 2016 sojoji suka sake buɗe ta, aka koma tafiya a ayari da rakiya. A da, motar da ta lalace a daji ganye ake zuba mata a titi, yaron mota ya kwana da ita har a kawo kaya. Tafiyar ayari ba ta jiran kowa, don haka duba mota kafin tashi, wanda direbobi ke yi wa ƙyuya, ya zama dole, kowa kuma ya koma ɗaukar fambel da boris da tiyo na ko-ta-kwana. Turawan yawo sun daina biyowa, manyan motocin kayan agaji suka maye gurbinsu a gareji. A Janairun 2021 aka kayar da turakun lantarkin hanyar Damaturu, masu walda suka yi watanni a kan janareta. Faɗuwar naira daga 2023 ta sa Beljiyam ma ya zama na mai hali, abin da a da ake jefarwa aka koma gyara shi. Sai ambaliyar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gamboru da Gwange da Kwastam. Da ya janye, aikin da ya biyo baya shi ne zubar da mai mai haɗe da ruwa, da buɗe inji, da shanya kayan wuta a rana.

A wannan aikin ne bambancin tsohuwar mota da sabuwa ya fito fili. Tsohuwar Marsandi a wanke ta, a canza mata mai da matata, sau da yawa ta tashi. Sabbin motocin Turai masu ƙwaƙwalwa kuwa, irin waɗanda matafiya masu gina gida a kan mota ke saye yanzu, suna son gas mai ƙarancin farar wuta da ruwan AdBlue, kuma idan na'ura guda ta ƙi, injin da kansa yake rage ƙarfi. Akwatin ƙwaƙwalwa ba a karanta shi da yatsa, ba a fiƙe irinsa a injin ƙarfe. Shi ya sa yanzu wani sabon mutum ya shigo jerin masu sana'ar gareji, matashi mai jaka da kwamfuta, wanda ake kira a waya ya zo ya jona igiya a ƙarƙashin sitiyari. Yana karɓar kuɗinsa kafin a kwance ko noti ɗaya, abin da ba a taɓa yi wa mai inji ba, kuma maigida mai furfura yakan tsaya a bayansa yana jiran ya faɗi inda za a buɗe.