Tsarabar Biki ga Yara a Tarauni: Ma'aunin Zaɓen Kayan Wasa

A unguwannin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, yaran da suka halarci bikin suna ko walimar sauka ba su cika komawa gida hannu rabbana ba. Akan sallame su da alawa da gullisuwa, a yau kuma har da balan-balan da usur da ƙananan motocin roba. Abin nazari shi ne wanne ne daga ciki yake amfanar yaro.

Jean Piaget (1896–1980) ya nuna cewa daga haihuwa zuwa kimanin shekara 2, yaro yana fahimtar duniya ne ta hanyar gani da ji da taɓawa da motsi. Kayan wasan Bahaushe na gargajiya sun dace da wannan bayani. Kacau-kacau, wanda sunansa ma daga amonsa ya samo asali, yana horar da kunne. Yumɓu yana horar da yatsu, 'yartsana kuwa tana buɗe bakin yarinya da hira. Ta nan ne kalmomi irin su laushi da tauri da santsi da kaushi suke samun ma'ana a zuciyar yaro.

Sai dai ma'auni na farko shi ne lafiya. Yaron da bai kai shekara 3 ba komai ya samu baki yake kaiwa. Tsakin wuri, ko yagaggen balan-balan, yana iya shaƙe shi, ƙaramin batir mai kamar maɓalli kuwa yana ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i. Don haka, tsarabar da ta dace ita ce wadda ta fi ƙarfin haɗiya, ba ta zubar da fenti, ta kuma yi daidai da shekarun mai karɓa.