Haƙori Ba Gindin Tukunya Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, in ja hankalin 'yan'uwana 'yan kasuwa da mutanen karkara kan yadda muke goge haƙora.

Ni ɗan tireda ne a Babbar Kasuwar Sakkwato, cikin kayana har da buroshi da man goge baki. Masu saye da yawa kan ce, "Malam, ba ni mai tauri, wanga mai laushi ai na yara ne." Ni ma da haka na ɗauka. Da yake ina cin goro, kullum da safe sai in dirje haƙorana kamar mai kankare gindin tukunya, wani lokaci har da gawayi, wai don su yi fari.

Da zafin bazara ya shigo, sai ruwan sanyi ya gagare ni sha. Ina kurɓa sai in ji tsam har cikin kaina. Dole na tafi wurin likitan haƙori. Ya nuna mini cewa haƙori yana da farin ɓawo mai tauri a sama, kuma idan ya cinye ba ya sake tsirowa. Abin da ke ƙarƙashinsa ruwan ɗorawa ne, shi ya sa duk dirjewar da nake yi ba ta ƙara mini fari ba. Dasashina kuma ya ja baya, saiwar haƙori ta fito fili. Ashe da hannuna na jawo wa kaina.

To jama'a, ga abin da na koyo. Dattin da ke manne wa haƙori mai laushi ne, ba ya bukatar ƙarfi. A sayi buroshi mai laushi, a riƙe shi da 'yan yatsu kamar alƙalami. A karkata shi wajen bakin dasashi, a riƙa juya shi a hankali, ciki da waje, ba kai da komo irin na zarto ba. Minti biyu ya isa, sau biyu a rana, musamman kafin a kwanta. Man kuma kamar ƙwayar wake. A canza buroshi bayan wata uku. Idan gashinsa ya baje tun kafin nan, hannunka ne ya yi nauyi. Mai asuwaki shi ma ya tauna kan ya yi laushi tukuna. Wanda ya sha tsamiya ko lemun tsami ya kurkure baki, ya jira kamar rabin awa kafin ya goge.

Wanda dasashinsa ke jini kullum kada ya daina gogewa, amma ya je a duba shi. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan cikin gari.

Ku kuma 'yan'uwana masu tireda, mu riƙa faɗa wa masu saye gaskiya. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya, amin.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Unguwar Mabera, Sakkwato.