Kunne Kafin Murya

Da yamma, idan zangon mita 20 na rediyo ya buɗe, sai ka rantse kasuwar Kurmi ce ta tare a ɗakina. Tasha guda daga wani tsibiri mai nisa ta yi kira, masu rediyon sha'awa daga Turai da Japan suka yi mata caa, kowa na jefa lambar kiransa. Tawa da 5N take farawa, alamar Najeriya.

Sabon shiga yakan fara da sayen amfilifaya don ƙara ƙarfi. Ni dai na ce a fara da kunne. Abin sauraro mai rufe kunne ruf ya raba ni da ƙarar janaretan maƙwabta. Sai matatar sauti mai faɗin hertz 500, wadda nake kunnawa lokacin saƙon Mos: nan take hayaniyar gefe ta kau, ƙaramar "dit-da" ɗin da nake farauta ta fito sarai.

Tashoshi masu nisa irin ta tsibirin nan sukan yi magana a wani mita, su saurara a sama kaɗan, don haka rediyo mai iya raba biyun dole ne. Maɓallin magana kuwa a ƙafa nake taka shi, hannuna na kan biro. Eriyar Yagi mai juyawa ita nake tara wa kuɗi yanzu.