Lambar Jos ta Arewa: me ke cikin 429,300?

Jama'a, alƙaluman farko na ƙidayar 2006 sun ba Jos ta Arewa mutum 429,300. Gardamar adadin na bar wa 'yan siyasa, ni lambar kanta ce ta burge ni.

Tunda ta ƙare da sifiri biyu, tana rabuwa gida 4, 25 da 100 ba ragowa. Haɗa 4, 2, 9 da 3, za ka sami 18. In jimlar nan ta rabu gida 9, lambar ma ta rabu: 47,700 sau 9 ke nan. Gida 7 kuwa, 4 ke yin saura. Ci gaba da rabawa, sai ka tsaya kan 53, wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta.

In ku tara za ku raba kuɗin motar dankali daga Farin Gada zuwa Mile 12, ku fara gwada haɗin nan tun kafin murya ta fara tashi.