Dafin da gara ke ɗauka ta kai gida da kanta

Da zarar ruwa ya sauka a Dutse ƙasa ta jiƙa, sai a fara ganin siririyar hanyar jar laka tana hawa bangon ɗaki. Maigida ya kankare ta, washegari ya tarar an sake ginawa. Daga nan sai ya nufi kasuwar Shuwarin ko shagon maganin gona, ya ce a ba shi mai ƙarfi, wanda zai kashe nan take. A miƙa masa fiya-fiya, ya tsiyaya, gara ta zube a gabansa, hankalinsa ya kwanta. Ba a rufe wata ba, ƙyauren ɗaki ko katakon rufi ya nuna masa an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Waɗanda ya kashe ma'aikata ne da suka fito nema. Gidan yana can ƙarƙashin ƙasa ko cikin suri, inda uwar gara ke kwance a ɗakin laka tare da namijinta, tana zuba dubban ƙwai a kullum. Ba ta fita, ba ta ci da kanta. Sojojin nan masu jan kai da manyan haƙora su ma sai an ba su a baki. Ma'aikata kuwa makafi ne, rayuwarsu duka taɓa juna ce: suna lasar jikin juna don share ƙura da ƙwayoyin cuta, suna ɗura wa juna abinci, in ɗaya ta raunana ko ta mutu sauran sukan cinye ta. Duk abin da ya manne a jikin guda yana iya ratsa wasu, muddin ta samu ran komawa.

A nan maganin gaggawa yake faɗuwa. Wanda ya kashe ta a bakin rami bai bar mata damar ɗaukar komai ba. Wasu magungunan kuma korarta suke yi: ta ji su, ta toshe hanyar da laka, ta ɓullo ta wani gefen.

Saboda haka masana suka juya tunani. Kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ya gano sinadarin fipronil a 1987. Gara ba ta gane shi. Ta bi ta cikin ƙasar da aka jiƙa da shi, ya manne mata, ta ci gaba da tafiya kafin ya kama ta. 'Yan'uwanta su lashe ta, su kwasa. Sai dai masu talla sun zuzuta abin fiye da kima. A 2018 Thomas Chouvenc na Jami'ar Florida a Amurka ya gwada shi a kan gidajen gara da ya yi kiwo, ya ga kisan bai wuce kusa da wurin da aka zuba maganin ba. Gawarwaki suka taru, sauran suka ƙaurace wa hanyar, uwar ta ci gaba da haihuwa. Maganin ya kare gini, amma gidan gara yana nan.

Abin da ya kai har gida shi ne abincin tarko, irin wanda aikin Nan-Yao Su, shi ma na Florida, ya haifar, aka fara sayarwa da sunan Sentricon a 1995. Sinadarinsa hana sabuwar fata ƙwari yake yi, don haka wadda ta ci ba ta mutuwa sai ranar da za ta yi saɓa. Kafin nan ta yi makonni tana ciyar da wasu.

Kada mu yi saurin murna. Garar da aka yi wa wannan dabara ba irin tamu ba ce. Zago mai gina manyan surai a dazukan Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu manomi ne: karan gero da busasshiyar ciyawar da ya kwaso, matasan ma'aikata ke taunawa su gina wani dunƙule mai ramuka-ramuka, wani nau'in naman kaza ya tsiro a kai ya narkar da shi, sannan a ci. Ga wannan zagaye da dafi zai bi, ga shi kuma ma'aikacin zago da ya gama girma ba ya sake saɓa. Tarkon kan yi masa aiki a makare, in ma ya yi. A ganina wannan tambaya ce da ta dace da Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da tashar binciken dabino ta NIFOR da ke garin. Surai suna bakin ƙofarsu, kuma mai dashen dabino yana jiran amsa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Dafin da ke iya yawo tsakanin gara ba ya tsayawa a kanta. A Madagaska, bayan an yi wa fara feshin fipronil, gidajen gara suka mutu da yawa, ƙadangarun da ke cin gara suka ragu. Garar daji ba abokiyar gaba ba ce. Ramukanta ne ke shigar da ruwa cikin ƙasa, shi ya sa manoman Nijar ke zuba taki a ramukan shuka da ake kira tassa don su jawo ta. A wajenmu kuma yara na kama shinge a soya, kaji da zabi na tonon suri. Wanda ya tuttula dafi a surin da ke nesa da gini, ko kusa da rijiya, ya sani ba gara kaɗai ya ba shi ba. A zuba maganin a gindin bango da jikin katako bisa ma'aunin da aka rubuta a kwalba, a ɗora rumbu a kan duwatsu, a kuma riƙa leƙa ƙarƙashinsa tun farkon damina.