Yadda Ake Nemo Fiffiken Bayan Tsohuwar Mota Da Waya Daga Tambuwal Ko Kebbe

A ce wani matashi a Tambuwal yana da Toyota Celica 'yar 2001, irin mai ƙofa biyun nan. Wata rana babbar mota ta goge shi ta baya, fiffiken da ke kan murfin but, wanda makanikai ke kira sifoila, ya tsage gida biyu. Ya zagaya shagunan kayan mota na garin, ya tura a duba a Jega da cikin Sakkwato, amsa ɗaya ce: babu. Ba laifin masu shago ba ne. Toyota ta fara ƙera Celica a 1970, ta daina a 2006, kuma ɗan kasuwa ba zai ajiye kuɗinsa a kayan da sai a shekara ba a tambaya ba.

Daga nan mutum ke komawa kan waya, kuma daga nan ake fara tafka asara. Yawanci sai ya rubuta sunan motar a Jiji ko Facebook Marketplace, ya ga hoton da ya yi kama, ya tura kuɗi. Bayan mako biyu kaya ya iso, ramukan noti ba su hau ba. Amfanin waya na farko shi ne ta samo wa mutum lamba da awo kafin ko sisi ya fita.

Wani zai ce ai kwalliya ce kawai, a cire a huta. A cikin gari kusan haka ne. Ƙarfin da iska ke yi a jikin mota yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, saboda haka abin da fiffike ke yi a gudun kilomita 60 ɗan kaɗan ne, a 120 kuma ya zama ninki huɗu. Audi ta koyi wannan darasi: bayan haɗurran da motarta TT ta yi a gudu mai tsanani, sai da ta janye motocin a tsakanin 1999 da 2000, ta ƙara musu ƙaramin fiffike a baya tare da wasu gyare-gyare. Amma ga mai mota a Tambuwal, matsalar da ta fi kusa ita ce ramukan da fiffiken ya bari. Damina na sauka ruwa zai riƙa shiga ta nan, murfin ya fara tsatsa daga ciki. A wasu motocin kuma, kamar Honda Prelude ta 1997 zuwa 2001, fitilar birki ta uku tana jikin fiffiken ne, in ya tafi ta tafi.

Lamba kafin hoto

Kowace mota da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1981 tana da lambar casis mai harafi da lamba 17, wadda ake kira VIN. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Babu I, babu O, babu Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Duk wanda ya ga kamar O, sifili ne. Harafin farko yana nuna ƙasa: J Japan, W Jamus. A motocin da suka fito daga Amurka, na goma yana nuna shekara: X 1999, Y 2000, 1 kuma 2001, haka har zuwa 9. Wannan kaɗai yakan tona asirin shekarar da dillali ya faɗa lokacin sayar da motar. Motar da aka yi don cikin Japan kuwa gajeriyar lamba take da ita, irin ZZT231 da wasu lambobi a bayanta.

Wanda ya taɓa aiki da rumbun bayanai ya san cewa suna yakan maimaitu, lambar shaida ba ta maimaituwa. Haka abin yake a nan. "Celica" suna ne na zubi bakwai. Zubi na shida, mai fitilu huɗu zagayayyu, na 1993 zuwa 1999, ya fito da jiki iri uku: mai buɗe baya gaba ɗaya da gilashi, mai ƙaramin but, da mai buɗaɗɗen rufi, kowanne da fiffikensa. Zubi na bakwai jikinsa daban ne baki ɗaya.

Idan aka saka lambar casis a shafuka irin su Partsouq ko Amayama, sukan fito da zanen sassan motar, kowane sashe da lambarsa. Ta Toyota guda goma ce, biyar a gaba biyar a baya: na gaban suna faɗin wane irin kaya ne, na bayan suna faɗin na wace mota ce. Wannan lambar ita ake kwafa a saka a Google ko eBay. Dubawa kyauta ne, sai dai zanen yana cin data, kuma ga wanda ke ƙauyukan Kebbe inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, gara ya ɗauki sikirinshot na zanen da lambobin lokacin da ya samu sabis mai ƙarfi. Kada a manta da lambar fenti. A Toyota tana kan takardar bakin ƙofa, bayan haruffan C/TR: 040 fari ne, 202 baƙi.

Sai awo. Manhajojin da ke auna tsawo da kyamara sukan kuskure da santimita ɗaya ko biyu, wanda ya isa ya hana noti shiga. Tef ɗin tela ya fi su. A auna tazarar da ke tsakanin ramuka daga tsakiya zuwa tsakiya, a ɗora tef ɗin a ɗauki hoto, a tura wa mai sayarwa ya yi irin haka a jikin nasa.

Inda lissafi ke juyewa

A AliExpress ko eBay farashin fiffike yakan yi kama da araha, har sai an zo kuɗin ɗauko shi. Kamfanonin jigila ta jirgi ba nauyi kawai suke dubawa ba, suna duba wurin da kaya ya cinye. DHL da ire-irenta suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5,000, su caji duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaskiya. Kwali mai tsawon 130, faɗi 35, tsayi 25 zai ba da 113,750, a raba da 5,000 ya zama kusan kilo 23. Wato fiffiken da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya za a biya masa kuɗin kilo 23, ban da kuɗin kwastan, ban da wahalar katin naira da ba kullum yake wucewa a shafukan waje ba. Wannan lissafin na minti ɗaya ne a kalkuleta, amma da yawa ba sa yinsa sai an riga an cire kuɗi.

Shi ya sa mafi yawan lokuta amsar tana cikin gida, wurin masu kayan Beljiyam: Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, ko Nkwo a Nnewi. Su sun riga sun shigo da kayan a kwantena, inda girman kwali ba ya ciwo haka. Kuma Tambuwal tana da wata sa'a a nan. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta biyo Ilori, Jebba, Kontagora, Yawuri, Koko da Jega, ta cikin Tambuwal take ratsawa kafin ta kai Sakkwato. Kayan Ladipo ana iya roƙon direba ya sauke su a garin. Na Kano kuwa sai sun bi Gusau sun shiga Sakkwato, sannan a sake ɗora su wata motar su gangaro kusan kilomita ɗari, kuma kowace saukewa dama ce ta tsagewa. Mutumin Kebbe ya fi dacewa ya sa a ajiye masa a Tambuwal ya zo ya karɓa da hannunsa, ya buɗe a gaban direba.

Kafin biya, hoton da mai sayarwa ya turo a saka shi a Google Lens. Idan ya fito a shafin wani ɗan kasuwa a Amurka, an gama magana. Sannan a nemi kiran bidiyo ta WhatsApp, ya juya kayan a ga ƙasansa, a ga wurin noti bai karye ba, ya rubuta kwanan watan ranar a takarda ya ajiye kusa da shi. Na asali yakan ɗauki tambarin kamfani da lamba a ƙasansa. Wanda ke da kaya a hannu ba ya jin nauyin wannan. Wanda kyamararsa ta lalace daidai lokacin, a bar shi. Idan akwai ɗan gari da ke kasuwanci a Legas ko Kano, kuɗin mota da za a ba shi ya je ya gani da ido ya fi kowace manhaja.

Kayan da aka yi fiffiken da shi ma abin tambaya ne. Na kamfani yawanci robar ABS ce, tana ɗan lanƙwasa ta dawo. Na kwaikwayo masu araha faiba ne, sukan zo a ɗan karkace, sai mai gyaran jikin mota ya goge ya cike kafin fenti. Akwai kuma waɗanda ake kira na kowace mota, masu mannewa da tef mai gam biyu. A zafin Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40 a inuwa balle a kan ƙarfen da ya wuni a rana, dogaro da gam kaɗai ganganci ne, musamman ga mai babur da ke bin motar a baya. A ɗaure da noti.

Idan ɓangarorin tsohon fiffiken suna nan, kada a zubar. Masu gyaran bamba suna iya haɗa roba da zafi, faiba kuma ana ɗinke ta da ƙyallen gilashi da ruwanta, har ma a yi amfani da tsohon a fitar da zubin sabo. Sau da yawa wannan ne mafi arha.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa a Celica zubi na bakwai: sandunan gas da ke riƙe murfin baya iri biyu ne, na mota mai fiffike da na marar fiffike. Wanda ya ɗora fiffike mai nauyi a kan raunanan sanduna, murfin zai riƙa faɗo masa a ka. Kafin kayan su iso kuma, a toshe ramukan da roba da silikon, a shafa ɗan man giris a bakinsu ta ciki.