Daga motar kara zuwa motar tubali: aikin yana ƙarƙashin bodi

Da an gama yankan dawa a ƙauyukan Kiru da Bebeji, daga Ɗansoshiya har zuwa gefen madatsar ruwa ta Tiga, sai ka ga gareji ya buɗe a kowane lungu. Yara su samo kara, su fere ɓawonsa, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, kafin la'asar tifa ta fito, ko a-kori-kura, ko tirela mai tayoyi goma sha takwas da aka yanko daga tsohon silifas. Waɗanda suka ɗan tasa su koma gwangwani da waya, su yi wa motar dogon sitiyari da ake tuƙawa a tsaye. Samfuri kuwa ba ya yankewa, domin duk wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora na minti goma zai ga kusan kowace irin babbar mota da ke bin hanyar Kano zuwa Zariya.

Abin takaicin shi ne lokacin da ake daina wannan sana'a. Yawanci da yaro ya shiga ƙaramar sakandare sai a ce ya girma, ya bar wa ƙanne. A daidai wannan shekarar ce kuma ake koya masa kewayen da'ira da rabon lissafi da kusurwa, wato ainihin abubuwan da za su sa motarsa ta yi aiki irin na mota, ta wuce kama da ita a ido kawai. Su kuwa 'yan mata tun farko ba a cika gayyatarsu garejin ba, alhali a ajin lissafi sau da yawa su ke gaba.

A wasu ƙasashe ba a ajiye wannan wasa. Akwai ɗalibai da injiniyoyi har da masu furfura da ke ƙera motocin kansu da tubalan roba masu shiga juna, waɗanda aka fi sani da Lego. Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara kamfanin a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, yana sassaƙa kayan wasa na katako. Tubalin da ake amfani da shi yau an yi masa rajista a 1958. A 1977 kamfanin ya fito da wani rukuni da daga baya aka sa wa suna Technic, mai sanduna masu huji, da fil-fil na haɗi, da giyoyi masu haƙora. Ɗaya daga cikin akwatunan farko, mai lamba 853, ba shi da bodi ko kaɗan. Ƙashin mota ne zalla, da sitiyari mai juya tayoyi da fistin masu hawa da sauka. A 1994 akwati mai lamba 8880 ya zo da giya huɗu, inji na jan duka tayoyin huɗu, kuma dukkansu suna juyawa da sitiyari. A 2018 ma'aikatan kamfanin sun gina Bugatti Chiron mai girman ta gaske da tubala sama da miliyan ɗaya da ƙananan injinan lantarki 2,304, mutum ya shiga ya tuƙa ta da gudun kusan kilomita 20 a awa. Wannan dai talla ce. Waɗanda suka fi ban sha'awa su ne masu ajiye littafin umarni gefe, su zana tasu motar daga tushe.

Su irin waɗannan magina ba sa farawa da bodi. Taya suke fara zaɓa, domin ita ke yanke girman komai. A ce tayar tifa ta gaske tsayinta mita ɗaya ne, taka kuma santimita 5. Ke nan motarka kashi ɗaya cikin 20 ce ta ainihin. Idan tifar ta kai mita 8, taka za ta zama santimita 40. A sandunan Technic tazarar kowane huji da na kusa da shi milimita 8 ce, don haka tsawon ƙashin motar zai kama huji 50. Tun ba a haɗa komai ba an san inda kowace taya za ta zauna da filin da ya rage wa inji.

Sai giya. Mai haƙora 8 idan tana juya mai haƙora 24, sai ta zaga sau uku kafin babbar ta zaga sau ɗaya. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin juyawa ya ninku kusan uku. Da mai haƙora 40 ninkin biyar ne. Abin da direban babbar mota ke nema ke nan idan ya dawo giya ɗaya a hawa, a hanyar da ta ratsa dajin Falgore daga Tudun Wada zuwa Doguwa, motar tana gurnani tana tafiyar hawainiya. Mai keke zai iya gwadawa yau: ya ƙirga haƙoran farantin gaba da na baya, ya raba, zai san sau nawa tayar baya ke zagawa a kowane zagaye ɗaya na feda.

Inda aikin ya fi daɗi, a ganina, shi ne kwana. Ɗauki motar kara da aka kafe tayoyinta biyu a sanda ɗaya, ka tura ta ta yi da'ira a kan siminti. Za ka ji taya ɗaya tana ja da ƙasa, motar tana ƙin lanƙwasa. Dalili shi ne tayar waje tana da tafiya mafi tsawo fiye da ta ciki, amma sandar ta tilasta musu zagawa daidai wa daida. Lissafin ba shi da wuya. Idan tsakanin tayoyin santimita 12 ne, a cikakkiyar da'ira tayar waje za ta fi ta ciki tafiya da 2 sau 3.14 sau 12, wato kusan santimita 75. Abin mamakin, ko da'irar ƙarama ce ko ta kai faɗin filin ƙwallo, bambancin bai canzawa. A motar gaske mai faɗin mita ɗaya da rabi, juyawa ta koma inda ta fito kaɗai na sa tayar waje ta ƙara kusan mita 4.7.

Amalanken shanu da kurar ruwa ba su da wannan damuwa, saboda kowace taya tana juyawa ita kaɗai, ja ko turi kuma daga waje yake zuwa. Mota kuwa dole inji ya juya tayoyin biyu, kuma ya bar kowace ta yi gudun da kwana ta ba ta. Maganin shi ne wannan dunƙulen ƙarfe mai kama da kabewa da ke tsakanin tayoyin bayan tifa, wanda makanikai ke kira difarenshal. Na Lego bai wuce ƙwallon goruba ba, kuma ana ganin cikinsa. Gida ne guda da inji ke juyawa, a ciki akwai ƙananan giyoyi uku: ɗaya a kan sandar tayar hagu, ɗaya a kan ta dama, ta uku a tsakiya tana cizon dukkansu. A miƙaƙƙiyar hanya ta tsakiyar ba ta juyawa a kan kanta, gidan ne ke ɗauke da ita tana tura biyun tare. Da an shiga kwana tayar ciki ta rage gudu, sai ta tsakiyar ta fara juyawa, abin da aka rage wa ta ciki ya koma wa ta waje. Gida ya zaga sau 10, ta ciki ta yi 8, ta waje ta yi 12. Ɗaga motar sama ka juya taya ɗaya da hannu, za ka ga ɗayar ta juya ta baya. Wannan dabara tana da nata aibi, wanda duk mai bin hanyar ƙauye da damina ya sani: taya ɗaya ta faɗa taɓo tana ta wulwulawa, wadda ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya cak.

Tayoyin gaba ma suna da nasu sirri. A kwana, ta ciki tana bin ƙaramar da'ira, don haka dole ta fi ta waje karkata. Wani maƙerin keken doki a birnin Munik na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya warware wannan, aka yi wa dabarar rajista a Ingila a 1818 da sunan Rudolph Ackermann. Masu motar waya za su iya kwaikwayonta ba tare da sayen komai ba. A karkatar da ƙananan hannuwan da sandar sitiyari ke ja zuwa ciki, yadda idan aka ja layi daga kowannensu za su haɗu a tsakiyar sandar tayoyin baya.

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan ƙashin motar yana lanƙwashewa, domin haƙoran giya za su riƙa tsallake juna. Murabba'i yana gocewa, alwatika ba ta gocewa. Magina da tubali suna tokare kusurwa da ma'aunin 3, 4, 5, wanda birkiloli ke amfani da shi wajen fitar da kusurwar harsashin gini, kuma shi ne ƙa'idar Fitagoras da ke cikin littafin lissafinku.

To, ina kuɗin? Gaskiya akwatin Technic na asali ya fi ƙarfin aljihun yawancin iyaye, balle na ɗalibi. Amma haƙƙin mallakar ƙirar tubalin ya ƙare tuntuni, kamfanoni da yawa, musamman a ƙasar Sin, suna yin masu shiga da shi a farashi mai sauƙi, kuma akan ci karo da na hannu cikin kayan wasan gwanjo. Makarantar da ke da kwamfuta za ta iya sauke LeoCAD ko BrickLink Studio kyauta, a gina mota a kan allo da tubalan da ba sa ƙarewa. Giyoyi kuwa suna nan cikin mataccen agogon bango da tsohuwar rediyo mai kaset da injin buga takardu da ya lalace. Sirinji biyu sababbi marasa allura, da siririn tiyo cike da ruwa, za su ɗaga bodin tifa kamar yadda mai ke ɗaga na gaske. A sayo su a kemis, kada a taɓa waɗanda aka yi amfani da su.

Fifikon da tubali ke da shi a kan kara guda ɗaya ne, wato ma'auni. Kara biyu ba sa zuwa kauri ɗaya, amma tubalin 1958 yana shiga da na bana. Wannan ma ana iya aronsa. A samu falle ɗaya na langa-langa, a huda shi a kowane santimita, ya zama abin auna duk sandunan katako ko na roba da ƙungiya za ta yanka. Daga ranar, tayar Kiru za ta hau motar Doguwa.

Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, zanen gine-gine ya karanta a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Ditiroyit ta Amurka ya koyi zanen motoci. Ya shiga kamfanin General Motors a 1994, ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar tsara ƙirar motoci ta Najeriya. Ƙungiyoyin JETS na makarantun sakandare an kafa su ne domin masu irin wannan sha'awa, kuma zangon karatu ɗaya ya isa a fitar da mota mai sitiyari da giya biyu. Gwajin farko ba ya buƙatar komai sai alli da zare: a goga alli a tayoyin baya, a tura motar ta yi da'ira ɗaya a simintin aji, a auna layukan biyu, a ga ko bambancin ya yi daidai da abin da biro ya bayar.